Babban Yatsan Kumfa

Wani dare na ji wata ƙara daga tsakar gidan hayarmu, caɓ, caɓ, caɓ, kamar saniya na tafiya cikin taɓo. Gidanmu kuwa siminti ne tun daga ƙofa har bakin famfo, ko akuya babu mai ita. Shekara talatin na yi ina gadi, kunnena ya san motsin ɓera ya san na ɓarawo, amma wannan bai taɓa jin irinsa ba. Na ɗaga labule na leƙa.

Maƙwabcina ne mai wanki da guga, wanda kowa ke kira Kumfa. Yana tsaye cikin babban bahonsa, ya naɗe wando har gwiwa, yana tattaka kayan mutane da ƙafa. Ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda 'yan sanda suka tare, manyan yatsun nan biyu a nannaɗe da tsumma.

"Kumfa, lafiya? Rawa ka koma da furfurarka?"

"Baba Maigadi, rufa min asiri," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Yatsa nake kiwo."

Na jawo kujera, ya ba ni labari yana ci gaba da taku. Gwamnati ta fito da shirin tallafa wa masu ƙananan sana'o'i: tela a ba shi keke, mai wanki a ba shi injin wanki. Kumfa kuwa injin nan shi ne mafitarsa, don shekara arba'in cikin ruwan sabulu sun kumbura masa gaɓoɓi, da safe sai matarsa, Uwar Biyu, ta gasa masa hannu kafin ya iya damƙar riga. Ya cike fom, an ɗauke shi hoto, ya kai tebur na ƙarshe inda ake ɗora babban yatsa a kan wani ɗan gilashi. Na'ura ta kawo jar wuta. Aka gwada yatsu goma, goma ɗin duk ja. Sabulu ya cinye zanen yatsun tas, fatar ta yi sumul kamar bayan cokali.

Ma'aikaciyar da ke teburin ta ce masa ya raba yatsan da ruwa sati uku, ya riƙa shafa mai, wataƙila zanen ya dawo kafin a rufe rajista ƙarshen wata.

"Na ce mata, 'yata, mai wanki ya yi sati uku bai taɓa ruwa ba, tukunya fa? Ta ce ita dai iyakar abin da ta sani ke nan." Ya gwada safar roba, gumi ya jiƙa yatsan fiye da ruwan. Shi ne ya koma wanki da ƙafa, cikin dare don kada masu kaya su gani. Da asuba Uwar Biyu ta ɗauraye ta matse.

Na rantse masa ba mai ji daga bakina.

Abin ya tsaya min a rai. Aji uku na tsaya a makaranta, ba wanda ya taɓa gaya min akwai rubutu a yatsan mutum. Na ɗauko fasasshen gilashin tabarau na duba nawa a rana, sai ga kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, sun zagaya sun haɗu a tsakiya. Na yi ta tunani: ina zanen Kumfa ya tafi? Tabbas yana cikin ruwan da ya zubar a kwata, ko ya maƙale a wuyan rigunan mutanen unguwa, suna yawo da shi ba su sani ba.

Wannan tunanin ne ya kai ni ya baro. Ina zaune mai aski na kankare min kai, na tambaye shi ko yana ganin zanen yatsa na iya maƙalewa a riga. Ya ce zanen wa? Daga nan baki ya zame. Ni dai abin al'ajabi na ba shi, ban ba shi don tsegumi ba. Amma mai aski bakinsa ya fi askarsa kaifi.

Kwana biyu sai ga shugaban makaranta a ƙofar gida, da buhu a hannu.

"Kai Kumfa, rigar da nake tsayawa gaban Ubangiji da ita kake takawa da ƙafa?"

"Malam, wallahi sai na wanke ƙafar sau uku kafin in shiga."

"Ko sau ɗari ka wanke ta, ƙafa ƙafa ce. Haɗo min kayana, jiƙaƙƙu da busassu."

Bayansa mai kantin magani ya aiko a karɓo nasa, sannan masu ɗakin cin abinci suka janye tsummokan teburinsu. Igiyoyin shanya shida da suka saba hana mu ganin sama suka koma wayam. Uwar Biyu ta daina amsa gaisuwata. Shi Kumfa kuwa ya ci gaba da gaishe ni kamar kullum, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Ranar da sati uku suka cika na ce zan raka shi. Muka bi layi tun hantsi har rana ta karkata. Kowa riƙe da takardu, shi riƙe da yatsa, yana kare shi daga turereniya kamar mai ɗauke da ƙwai. A gaban tebur ya warware tsumman. Yatsan ya yi fari, ya yi laushi kamar na jariri, ga wasu 'yan layuka sun fara fitowa a gefe.

Ja.

"Hura masa iska, Baba," in ji ma'aikaciyar. Ya hura. Ja. Ta ce ya goga a goshi ya ɗebo maiƙo. Ja. Ta kama yatsan da hannunta ta danna a hankali, ta jujjuya shi dama da hagu. Ja.

"Ko gilashin ne ya lalace?" na tambaya, na ɗora nawa don in gani. Nan take na'ura ta kawo koriyar wuta, har da ɗan kuka. Yatsana da ya shekara goma bai ɗaga abin da ya fi kofin shayi ba.

"To 'yata, ki rubuta nawa da sunansa mana."

"Ba ya yiwuwa, Baba. Yatsa da hoto sai sun zama na mutum ɗaya. Wallahi ba ni ba ce, na'ura ce."

"A ƙara masa sati guda."

"Jibi za a rufe. Daga sama ake rufewa, mu ma sai dai mu ga ta ƙi buɗuwa." Ta kalli hannun Kumfa, ta kawar da kai. "Na gaba."

A hanya na ce masa ai babban yatsan ƙafa ma yana da zane, mu koma mu roƙe ta. Ya tsaya ya cire takalmi ya nuna min. Takun da ya sha a ruwan sabulu ya gama da shi, ga tsakanin yatsun duk ya tsattsage yana ruwa.

Washegari ya mayar da hannu cikin baho, ya wanke 'yan kayan makarantar tagwayensa. Fatar da ya yi kiwo ba ta da sauran tauri, kafin ya gama riga ta biyu ta dare, kumfa ta koma ruwan hoda.

Da yamma yana zaune a kan bahon da ya kife, hannu da ƙafa duk sun sha mai, Uwar Biyu na kore masa ƙuda. Ni ina bakin ƙofata. Sai matar direba, mai ɗakin ƙarshe, ta fito da ƙullin kayan 'ya'yanta. Ita ke wanke abinta kullum, tausayi ne ya sa ta kawo. Ta ajiye a gabansa, ta dubi hannuwan, ta dubi ƙafafun, sannan ta juyo wajena.

"To yanzu, Baba Maigadi, da wanne zai wanke?"