Makamin Ƙare-Dangi a Ɗakin Inna

A Tsamiyar Goje, ƙauyen nan na yamma da Ɗanbatta inda gonaki suka matse gidaje har gero yana leƙowa ta saman danga, babu wanda ya kai Mati son yaƙi. Da baki dai. Mutum ne da ko rago aka kayar ranar Sallah sai ya kau da kai, amma a zaunar da shi gindin darbejiyar ƙofar shagon Mika'ilu a kunna rediyo, kafin shayi ya huce ya ci ƙasa uku da yaƙi.

A daminar nan kuwa rediyo ta samar musu aikin yi. Kullum bayan la'asar, in an dawo daga gona an wanke ƙafa, labarin ɗaya ne: ana zargin wata ƙasa can gabas da haɗa makamin ƙare-dangi a ɓoye, manyan ƙasashe kuma suna ta shawara, a kai mata hari ko a ƙara haƙuri. Majalisar darbejiya ta ɗauki maganar da zafi kamar ita aka aiko wa takardar neman izini.

"A buge su!" in ji Mati, yana dukan benci da tafin hannu. "Duk wanda ya ce ba za a shiga ɗakinsa a duba ba, ai ya gama faɗa maka abin da ke ciki. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A buge su kafin su gama!"

Hashimu dillalin awaki, mai rediyon, wanda danga ɗaya ce ta raba gidansa da na Mati, ya ce, "To in aka buga kuma aka tarar babu komai fa?"

"Sai a ce musu sannu," in ji Mati.

Aka kwashe da dariya. Har Malam Mani, dattijon da yake raba musu gardama, sai da ya murmusa. Mati ya gyara zaman hularsa, ya ji daɗin kansa ƙwarai.

Abin da majalisa ba ta sani ba, wannan jarumi yana da nasa abin a ɓoye.

Inna, mahaifiyarsa, ta rasu bara. Ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba, amma ta bar fararen zabi da aka san su har kasuwar Ɗanbatta, irin da ta taho da su daga gidan iyayenta tun tana amarya. Da bazara ciwon kaji ya shigo gari ya yi shara, bai bar ko kaza ɗaya mai kwanci ba. Cikin zabin Inna guda ɗaya tal ta tsira. Ta yi ƙwai goma sha bakwai a gindin kargo, ran nan ta fito tsallaka hanya, motar taki ta bi ta kanta. Mati ya tsaya a kan ƙwayayen nan zuciyarsa ta karye, don ya san in suka lalace irin Inna ya ƙare, babu inda zai sake samo shi.

Matarsa Hure ce ta yi dabara. Ta kira ƙanwarta Ummu Salma, malamar koyar da aikin gona a Bici, ta zo a kan acaɓa da akwatin katako, da fitilar kananzir, da ma'aunin zafi. Aka shimfiɗa ƙaiƙayi a akwatin, aka ajiye shi a tsohon ɗakin Inna da ke can bayan gida, jikin danga. Malama ta kafa doka: kwana ashirin da takwas, kada fitila ta mutu, a riƙa juya ƙwan safe da yamma.

Mati ya ƙara dokokin Inna guda biyu a kai. Ba a taɓa ƙwan zabo da hannu, sai da ludayi mai dogon mariƙi. Ummu Salma ta ce, "Yaya, ai don kada uwar ta ji warin hannu ta gudu ake yin haka, uwar kuwa ta mutu." Ya ce shi dai haka ya ga Inna tana yi. Ta biyu kuma, kada kowa ya ji labari sai an ƙyanƙyashe, saboda baki. Musamman bakin Hashimu. Mutumin da ya taɓa yabon ragon liman da safe, kafin azahar rago ya faɗa rijiya. Inna da kanta takan ce in Hashimu ya yabi jaririnka, to ka fara neman magani.

Amma ƙauye ba ya riƙe sirri, sai dai ya canza masa kama.

Mika'ilu mai shago ne ya fara. Ya ce shi fa abin yana ɗaure masa kai, Mati yana da fitila mai caji da rana, amma kullum sai ya sayi kananzir. Wani ya ce ya ga mace mai tabarau, 'yar kimiyya, ta shigo da akwati a rufe. Sai Hashimu ya rage murya ya ce shi da idonsa ya leƙa ta danga, ya ga Mati ya shiga ɗakin marigayiya da ludayi mai tsawon kamu biyu, ya fito yana duba wani siririn gilashi mai jan layi yana girgiza kai. A ranar kuwa rediyo ta yi bayani cewa sinadarin da ake haɗa makamin da shi ba a taɓa shi da hannu, daga nesa ake ɗauka.

Abin haushin shi ne, duk mazan nan babu wanda uwarsa ba ta taɓa aikensa kwasar ƙwan zabo da ludayi ba. Amma wata guda suna shan labarin ƙare-dangi da shayi, sai ludayi ya tashi daga ludayi a idonsu.

Da yake gidan aure ba a shiga, sai aka tura mai bincike mace. Jumma matar Hashimu ta je aron rariya, ta bi ta bayan gida tana waige-waige. Hure ta tare ta da tsintsiya a hannu, ta ce, "Rariya tana madafa, Yaya Jumma, ba a nan take kwana ba." Jumma ta dawo ta ba da rahoto cewa an hana ta dubawa, kuma ɗakin yana fitar da ɗumi.

Ranar da ƙwai ya cika kwana ashirin da shida, Mati ya iso majalisa ya tarar an kashe rediyo, an bar masa turmi a tsakiya ya zauna a kai.

Malam Mani ya yi gyaran murya. "Mati, jama'a suna da tambaya. Me kake dafawa a ɗakin marigayiya?"

Gaban Mati ya faɗi. Ya dubi Hashimu, ya dubi bakin Hashimu. "Malam, abu ne na zaman lafiya."

"Haka su ma suke cewa!" in ji Mika'ilu.

"To a bar mu mu duba," in ji Hashimu.

"Ba za a duba ba. Ku ba ni kwana biyu kawai, wallahi da kaina zan fito muku da shi."

"Kun ji ko! Kwana biyu ya rage ya gama!" Hashimu ya miƙe tsaye. "Ɗakin nan da rumbuna taku uku ne. In abin ya tashi, ni ne farkon dangin da zai ƙare. Wa ya ce mana wanda ya hana dubawa ya gama faɗar abin da ke ciki? Wa ya ce a buge kafin a gama?"

"Ai wannan maganar ƙasashe ce," in ji Mati a sanyaye.

"Ice tun yana ɗanye," in ji wani daga baya.

Aka ɗaga hannu. Takwas suka ce a kai hari. Malam Mani ya ce shi bai ce a yi ba bai ce a bari ba, irin amsar da dattijo yake bayarwa in yana son a yi abu ba da sunansa ba. Mati ya ce ya hau kujerar na-ƙi, aka tuna masa a kan turmi yake zaune. Aka ba shi wa'adi zuwa hantsin gobe.

Ya koma gida ya gaya wa Hure. Ta ce, "Malam, ka faɗa musu mana, ƙwai ne fa." Ya ce ta manta ragon liman ke nan. Kuma a ransa ya ɗauka duk surutu ne, don ya san majalisar nan shekara uku tana shawarar gyaran rijiyar masallaci ba ta ɗaga ko bulo ɗaya ba.

Ashe rushewa ta fi gini saurin samun 'yan aiki.

Da hantsi yana gonar bayan gida yana maimai, sai ya ji salatin Hure. Ya yar da fartanya ya zuba a guje. Ya tarar da runduna a bayan danga, kowa ya naɗe hanci da rawani ko tsumma. Mika'ilu ya goya famfon feshi cike da ruwan rijiya yana kai hari ta sama, Hashimu kuma ya hau kan jakinsa ya sheƙa bokiti biyu ta 'yar tagar ɗakin, sannan duk suka kwanta rub da ciki cikin gyaɗar mutane suna jiran ƙara.

Babu abin da ya tashi sai ɗan hayaƙi.

Mati ya faɗa ɗakin. Fitila ta mutu, gilashinta ya fashe, ƙaiƙayi ya zama taɓo, ƙwayaye suna zaune cikin ruwan sanyi. Bai ko tuna da ludayi ba. Ya sa hannu biyu ya kwashe su cikin gaban rigarsa, ya fito ta ƙofar gida ya zagayo inda mayaƙa suke kwance. Hawaye yake yi sosai, irin na mutumin da aka yi wa mutuwa sau biyu.

"Ga shi nan," ya ce. "Ga makamin. Na zabin Inna ne. Su ke nan suka rage."

Ɗaya bayan ɗaya suka tashi zaune suna kakkaɓe ƙasa, babu mai iya duban ɗan'uwansa. Kowa a wurin ya taɓa cin dafaffen ƙwan zabin Inna yana yaro, kyauta, da ɗan gishiri a takarda. Cikin shirun nan sai aka ji wani siririn kuka, tsiyo, tsiyo, daga cikin rigar Mati.

"Da sauran rai!" Malam Mani ya daka tsawa, ya manta shi ɗan ba-ruwana ne. "Kowa ya buɗe hammata!"

Haka aka raba ƙwai goma sha bakwai ga mutum tara, kowa biyu, Malam Mani ɗaya saboda girma. Suka jeru a gindin darbejiya, hannuwa a manne da haƙarƙari, wuya a miƙe, kamar kajin da aka ɗaure za a kai kasuwa. Babu mai iya korar ƙuda. Wata mata ta zo sayen magi, Mika'ilu ya ce ta ɗauka da kanta, shi yana kwanci. Azahar ma kashi-kashi aka yi ta, wannan ya riƙe wa wancan. Hashimu kuwa, ba wanda ya sa shi, ya roƙi Jumma ta ɗaure masa baki da rawani, ya zauna gefe yana zufa.

Bayan la'asar na Malam Mani ya fara fashewa, tsoho ya yi ta mutsu-mutsu yana cewa abin yana yi masa cakulkuli. Sai na Mika'ilu. Kafin rana ta yi ja, shida sun fito. Biyar masu zanen ƙasa-ƙasa ne irin na kowa, sun biyo uba. Na shidan daga hammatar Hashimu ya fito, jiƙaƙƙe, ɗan mitsitsi, fari sol.

Idon Hashimu ya firfito. Aka ga rawanin bakinsa yana motsi, yabo yana neman hanyar fita.

"Kul!" in ji majalisa gaba ɗaya.

Mati ya karɓi farin a tafin hannunsa, yana jin bugun 'yar zuciyarsa a fatarsa. Farin ciki ya kama shi. Da Ummu Salma, wadda Hure ta aika a kira, ta iso da sabuwar fitila, ta bi sauran sha ɗayan ɗaya-ɗaya tana karawa a kunne, ta daɗe tana saurare, sannan ta jera su a ƙwarya ta girgiza kai. Ta ce ruwan ya riga ya gama da su, saura kwana ɗaya su fito.

Jama'a suka fara zamewa da sunan alwala. Hashimu ya kwance rawanin, ya matso ya tsuguna gaban Mati. Ba da tsokana ba, don shi ma idonsa ya kawo ruwa, sai dai ya duba ko'ina bai sami wata kalmar ba.

"Sannu, Mati," ya ce.

Mati ya dubi ƙwaryar ya daɗe. Ya gane kalmar sarai, tasa ce aka dawo masa da ita, kuma ko ƙwai ɗaya bai motsa ba da aka faɗe ta.

"Yauwa," ya ce.

Ya sa farin ɗan zabon a aljihun gaban rigarsa, ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ya nufi gindin kargo inda uwarsu ta ajiye su.