Bindigar da Baba Ya Zaɓa

Ba Twila ce ta gaya wa mahaifinta cewa ɓarawo ya ɓalle ƙofar maƙwabciyarta ba. Ta san halinsa sarai, shi ya sa ta ja bakinta ta yi shiru. Baffa Lonnie ne ya kai labarin, ƙanen mahaifin nata, wanda tun da ya bar aikin bututun mai ba shi da wata sana'a sai zama a gareji yana sauraron rediyon 'yan sanda. Yana jin an ambaci layin da take haya a bayan jami'a, ko igiyar takalmi bai tsaya ɗaurewa ba ya garzaya gonar yayansa. Talabijin da keke ɓarawon ya ɗauka. Amma kafin maganar ta fita daga bakin Lonnie ta shiga kunnen yayan nasa, Royce Hargis, ta zama gungun 'yan fashi masu bin ɗakunan 'yan mata ɗaya bayan ɗaya.

A ranar Royce ya kira ta ya yanke hukunci: ta tattara kayanta ta dawo gida, ta riƙa zuwa makaranta daga can. Faɗar abin ba wuya. Gonar tana can ƙarshen gunduma, wajen iyakar Oklahoma da Arkansas, ita kuwa Twila tana shekara ta uku a karatun jinya, tana sammakon zuwa asibiti, ga aikin kai abinci a wani shagon karin kumallo ranakun hutu. Komawa gida na nufin ta ajiye aikin, ta ƙare rayuwarta a kan hanya tana zuwa tana dawowa, ta koma ɗakin da ta yi wayo a cikinsa inda ko waya ta yi ƙara sai an tambaye ta wane ne. Abin takaicin, wuƙa da nama suna hannunsa. Hayar ɗakinta na ƙarewa ƙarshen wata, kuma mai gidan ba ya ba ɗalibi ɗaki sai da babban da zai tsaya masa. Bara Royce ne ya tsaya mata, bana ya ce a kai kasuwa.

Ta yi magiya, ta yi faɗa, ta kashe waya, ta sake kira. Da ƙyar ya sassauto, ya kawo sharaɗi irin na gidansu. A gidan Hargis ba a yarda mutum ya isa riƙe bindiga sai ya ci jarrabawar faranti. Akan kafa farantin takarda a jikin turken shinge, mutum ya ja baya kamar tsawon falo, a ba shi harsashi biyar, ya sa uku a ciki. Haka kakanta ya yi wa Royce da Lonnie, haka Royce ya yi wa yayanta kafin ya tafi soja. To ita ma ta sayi ƙaramar bindiga da kuɗinta, ta zo ranar Lahadi bayan coci ta huda farantin. In ta ci, zai tsaya mata. In ta faɗi, sai gida.

Dala ɗari huɗu ne duk abin da ta mallaka, kuma ba ta da niyyar zubar da su a banza. Ta je filin koyon harbi na cikin gari, ta yi hayar bindigogi ta gwada su ɗaya ɗaya, har ta gano wadda ta zauna mata a hannu: irin tsofaffin nan na 'yan sanda da ake sayarwa in sun sauya sababbi, baƙa, mai ɗan nauyi, ba kyan gani. Da ita ta riƙa huda takarda kamar ta daɗe tana yi. Matar da ke lura da filin ta ja mata kunne kada ta yarda a liƙa mata 'yar mitsitsiyar nan mara nauyi da ake cewa ta mata, don duk bindigar da ba ta da nauyin shanye ƙarfin harsashi, a hannun mai ita take sauke shi.

Kuskuren Twila ɗaya ne: ta faɗa wa mahaifinta ranar Asabar za ta kasuwar bindigogi da ake ci a filin baje koli. Tana isa ta tarar da motarsa a bakin ƙofa, Baffa Lonnie a gefensa yana taunar busasshen naman barewa.

Ba su yi nisa cikin rumfar ba ta hango abin da take nema a teburin wani mai gemu har ƙirji. Gefenta ya ɗan goge, amma lafiyarta ƙalau, kuɗinta kuma zai bar mata canjin harsashin gwaji. Ta nuna ta da yatsa ta ce a miƙo mata. Mai gemu ya dubi Royce ya tambaye shi me yake nema wa 'yar budurwar.

"Ni ce mai saye," in ji Twila.

"Na ji, 'yan mata," ya ce, idonsa na kan Royce. "Ta jaka ake so ko ta gefen gado?"

Daga nan kasuwa ta buɗe. Baffa Lonnie ya ce masu zuba harsashi da kansu ɗin nan cijewa suke yi, ya san wani a sansanin farauta da tasa ta cije masa a gaban alade, yanzu da sanda yake tafiya. Royce ya ce bayanta da ake ja yana da tauri, ba aikin hannun mace ba ne. Twila ta ɗauka ta ja shi a gabansu, ta sake ja, ta sake. Royce ya ce ai nan ba tsoro a ranta, ranar da tsoro ya zo hannu ba ya jin magana. Wani tsoho da ke wucewa, wanda ba wanda ya san shi, ya tsaya ya ce shi dai doguwa ya saya wa jikarsa. Wani kuma ya leƙo ya ce ita yarinya kare ya kamata a ba ta. Kafin ka ce me, maza sun kewaye teburin suna gardama a kan hannunta, ba wanda ya tuna hannun yana da mai shi.

Sai mai gemu ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya fito da wata 'yar bindiga, kamar mai fito da kyautar biki. Irin mai gidan harsashi da ke juyawa ce, mai cin biyar, ba ta fi tafin hannu ba, marikinta ruwan hoda. Ya ce matarsa irinta take riƙewa, kuma ba a jin nauyinta ko a aljihun riga. Twila ta ce abin da ta guda ke nan, ta maimaita musu abin da matar filin harbi ta gaya mata. Lonnie ya yi dariya har nama ya sarƙe shi. Ya ce mace ce za ta koya wa gidan Hargis bindiga?

Royce bai yi dariya ba. Ya juya 'yar bindigar a hannunsa, ya ajiye ta a gaban 'yarsa.

"Wannan za ki ɗauka, Kabewa."

Sunan da yake kiranta ke nan tun tana jaririya mai kumatu, kuma ya san ba ta son jinsa cikin mutane.

"Haba Baba. Kuɗina ne fa. Hannuna ne. Na gwada waccan, na san ina iyawa da ita."

"Ni kuma jarrabawata ce. Da waccan ba zan karɓa ba."

Ta tsaya tana kallonsa, ta cika kamar ta fashe. Ta yi tunanin ta juya ta bar su da kasuwarsu, sai ta tuna ƙarshen wata. Ta biya. Aka duba sunanta a kwamfuta, mai gemu ya tuna mata da fara'a cewa abin da ya bar teburinsa ba ya dawowa, ya kuma taya Royce murna, ba ita ba. Sabuwa ce, ta fi tsohuwar tsada, don haka abin da ya rage bai wuce na kwalin harsashi ɗaya ba. Zancen gwaji kafin Lahadi bai ma taso ba.

Ranar Lahadi aka dawo daga coci aka ci soyayyar kaza da burodin masara. Tun rasuwar mahaifiyarta Royce ne ke girkin, kuma har yau bai koyi rage gishiri ba. Twila ta ci kaɗan ta ture sauran. Lonnie ya ci nasa ya ci sauran nata, sannan ya ɗauki kofin shayinsa mai ƙanƙara ya bi su bayan rumbun ciyawa, ya sami bokiti ya kife ya zauna, alƙali ba gayyata.

Royce ya kafa farantin. Twila ta toshe kunne, ta gyara tsayuwa yadda aka koya mata, ta ja numfashi, ta matsa kunama. Kunamar ma tauri gare ta, sai da bakin bindigar ya karkace kafin ta tashi. Da ta tashi kuwa, ji ta yi kamar an rufe mata ƙofar mota a hannu. Zafin ya ratsa har gwiwar hannunta. Farantin na nan fari fat.

Lonnie ya ce tana rufe ido. Ta sake harbawa, ƙura ta tashi can bayan shinge. Lonnie ya ce yanzu kuma ta buɗe idon da yawa. A na uku fatar da ke tsakanin babban yatsanta da manuni ta tsage, jini ya fito. Na huɗu ya ɗan yagi bakin farantin. Na biyar tun kafin ta matsa hannunta ya riga ya noƙe don ya san abin da ke zuwa, harsashin ya shiga ƙasa.

Royce ya je ya duba farantin, wai don adalci, ya dawo ya ce ɗaya ne, shi ma da ƙyar. Ya ce ba komai, ba kowa aka haifa da abin ba. Zai zo da tirela ranar Asabar su kwaso kaya.

Twila ta buɗe bindigar ta zubar da kwanson, ta zuba sababbi biyar, ta miƙa masa, bakin yana kallon ƙasa.

"To nuna min yadda ake yi."

Ya ce ba shi ake jarrabawa ba. Lonnie ya ce haba yaya, a nuna wa yara aikin manya mana, ko tsufa ne ya zo? Royce ya harari ƙanensa. Ba shi da mafita, ya matso. Amma kafin ya karɓa sai ya kai hannu aljihun baya, ya zaro safar hannu ta fata, irin mai kaurin nan ta gyaran waya mai ƙaya, ya sa a hannun dama.

Twila ta bi safar da kallo. Tun tana ƙarama take ganin mutumin nan yana harbi, cikin sanyi da zafi, da manya da ƙanana, ba ta taɓa ganin ya rufe hannu ba. Shi ne ma mai cewa wanda ya sa safa ba ya jin bindigarsa. Ga shi yau da kayan coci a jikinsa, ba shingen da zai gyara, amma safa na aljihu tana jira.

Ta janye bindigar ba ta ba shi ba.

"Ka san tana cizo," ta ce.

Ya sunkuyar da kai ya dubi safar.

"Tun a kasuwa ka sani. Shi ya sa ka hana ni waccan."

Lonnie ya fara cewa ai kowace bindiga da halinta, ya dubi fuskokinsu, ya ga ba wurin zamansa ba ne, ya ɗauki kofinsa ya yi wajen gida. Royce ya tsaya yana murza safar. Can ya ce ya riga ya yi wa ɗakinta sabon fenti, ya sa labule, ya gyara tagar da ke shigo da iska. Ya faɗi haka ne kamar hujja ce da za ta wanke shi.

"Yaushe ka yi fentin?"

"Makon jiya."

Wato tun kafin kasuwa, tun kafin ta miƙa kuɗin da ta tara tana ɗaukar faranti da ƙafafu a kumbure. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji game da shi ba, kuma abin da ya fi ba ta haushi shi ne tausayinsa da ke neman shigowa ciki ba a kira shi ba.

"Gidan ya yi min girma, Kabewa," ya ce, murya ƙasa ƙasa.

"Da haka ka faɗa min, Baba. Da ka ɗaga waya ka ce gidan ya yi maka girma, da kowace Lahadi ina nan, har da Juma'a in ka so. Amma ka gwammace ka tsaya kana kallo ina fasa hannuna."

Ta zare harsasan ta zuba masa a tafin safar, ta ɗora bindigar a kai. Ta ce ya riƙe, ai zaɓinsa ce. Ta ce ba sai ya tsaya mata ba, kuma kada ya wahalar da kansa da tirela. Za ta nemi gado a ɗakin kwanan ɗalibai na cikin jami'a, inda ba a neman mai tsayawa, ta raba ɗaki da 'yar shekarar farko, su yi layin wanka. Ba ta so, ta tsani wurin, amma nan za ta. Ya ce ai ba a shiga can da bindiga. Ta ce ta sani.

Ya biyo ta har wajen mota, yana cewa ta bari ya wanke mata ciwon ko da ruwan gishiri ne. Ta ce karatun da take yi ke nan. Ta naɗe hannun da gefen rigarta, ta buɗe ƙofar da hagu. Da ta tayar da mota ya sunkuyo ta taga, har yanzu da safar a hannunsa, ya tambaye ta ko za ta zo Lahadi mai zuwa. Ta ce ba ta sani ba, kuma gaskiya ta faɗa masa.