Kai a Cikin Kwalba

Igiyar da 'yan banga suka gitta a hanya ta ɗago daidai ƙirjin mai kabu-kabun da ya ɗauko ni, ya taka burki har haɓata ta bugi bayansa. Ranar kasuwa ce, bayan azahar. Muna dawowa daga Segbana ta ƙasar Benin, saura ɗan taƙi mu shiga ƙauyenmu, har ina hango rumfunan masu kifi.

"Baba Baƙo, sauko," in ji Ɗanmusa, shugabansu. Yaron da na ci naman sunansa, yau shi ne da bindiga a kafaɗa yana ce mini in sauko.

"Ni za ka bincika?"

"Kowa muke bincike. Mi ke cikin ƙunshin ga?"

Ban ji komai ba a lokacin. Me zan ji? Ni ne jirgi ya kife da mu tsakiyar kogin Kwara, mu goma sha tara, ni kaɗai na taka gaɓa da ƙafata. Kwalara ta shiga gidanmu ta ɗauki mutum biyar ta tsallake ni. Jandarmomin Benin sun kulle ni kwana tara, da bakina na fito ba da kuɗin kowa ba. Sai na miƙa masa ƙunshin ina dariya.

Littattafan zane ne guda goma sha biyu, 'yan ƙanana, na Faransanci, takardarsu ta yi ja don tsufa. Matar wani malamin makaranta da ya rasu ce ta aiko mini in je in kwashe kafin gara ta gama da su. Shekara arba'in da wani abu ke nan ina tara irinsu. Na fara ne ina dako a Kandi, can Benin, ranar da mai ƙosai ta naɗe mini ƙosai a wata takarda mai zanen wani abu mai ido ɗaya yana fitowa daga jirgi mai kama da faranti. Ƙosan ya huce a hannuna ina kallo. Tun daga nan babu kasuwar da ban tona ba, daga Malanbil har Paraku. Kuma ba kowane iri nake ɗauka ba. Na baya-bayan nan, masu ƙato yana tashi sama da mayafi a wuya da ɗan kamfai bisa wando, ko kyauta ba na so. A harbe shi bai mutu ba, gini ya faɗo masa bai mutu ba, wannan ai wasan yara ne. Na dā su ne na gaskiya. Matattu su fito daga rami, mutanen wata duniya su sauko, a cinye gari kaf, a bar mutum ɗaya. Kuma ba ƙaton cikinsu ake bari ba.

Ɗanmusa ya kwance igiyar ƙunshin. Na saman ya fara gani, sai na ga fuskarsa ta canja. Wani mutum ne a bangon, da farar riga irin ta likitoci, yana riƙe da ƙatuwar kwalba, a cikin kwalbar kan mutum ne, idanunsa a buɗe.

Sai a sannan na tuna abin da ya sa aka gitta igiyar. Kwana huɗu ke nan Mudassiru masunci ya fita kamun kifi bai dawo ba. An tsinci kwalekwalensa yana yawo shi kaɗai, da takalminsa ɗaya a ciki. Tun daga ranar zancen da ake yi ɗaya ne, wai akwai masu yanke kawunan mutane suna tsallakawa da su iyaka.

Ɗanmusa ya so ya kife littafin, amma wani daga cikin yaransa ya riga ya gani.

"Kai! Kai a kwalba!"

Ban san kasuwa na iya tashi da sauri haka ba. Kafin in gyara hulata an kewaye mu. Mai kabu-kabun ya juya babur ɗinsa, ko sallama babu. Littattafan suka shiga hannu-hannu. Wannan ya buɗe ya ga gawa tana tafiya, wancan ya ga mace a ɗaure kan tebur. Ba a yi ihu ba da farko, abin da ya fi damuna ke nan. Na san taro. Mai ihu yana iya watsewa. Wannan ƙus-ƙus kawai yake yi.

Aka buɗa wa Asama'u hanya, matar Mudassiru. Kwana huɗu tana zaune bakin ruwa, leɓɓanta duk sun tsage. Aka sa mata littafin a hannu. Ta daɗe tana kallon bangon.

"Gemunsa ne," ta ce a hankali. "Ga shi nan. Har gemun."

"Ɗiyata," na ce, "zane ne. Rabin mazan garin ga irin gemunsu ke nan."

Ko kallona ba ta yi ba. Wani ya ce dama tsohon nan kullum yana tsallaka iyaka, ba ya saye ba ya sayarwa, sai ƙunshi. Wani ya ce ku tuna jirgin da ya kife, don me shi kaɗai ya fito? Abin da na yi shekara talatin ina bugun ƙirji da shi, yau ga shi an juyo mini da shi. Sai na ji wani abu mai nauyi ya sauko mini ta ka, ya tsaya a kafaɗuna. Tsohuwar tayar babur ce, rana ta gasa ta, tana warin roba.

"Ku dakata!" Ɗanmusa ya ɗaga hannu, amma muryarsa ba ta kai inda ya so ba. "Kun san Baba na karanta mana su. Labari ne. Baba, karanta, kowa ya ji."

Gaskiya ya faɗa. Duk la'asar a gindin ɗorawa nakan buɗe ɗaya, in sa yatsa ƙarƙashin rubutun ina ja, ina ba su labari, manya da yara. Har Zagga an san akwai wani Baƙo da ke karanta Faransanci kamar shan ruwa.

Na karɓi littafin, na buɗe, na sa yatsa. Labarin har ya zo mini baki, mai kyau kuwa, wanda zai sa su manta da ni. Sai na ji numfashin mutum a bayan kunnena. Bunyaminu ne, mai sayar da fetur a kwalabe, ɗan can tsallaken, wanda ya yi lakwal, bokon Faransa, har aji shida. An sa shi ya kawo kwalba ɗaya, tana hannunsa, ya leƙo yana bin rubutun da ido, leɓɓansa na motsi.

In na yi ƙarya zai sani tun layin farko. Kuma ƙarya ɗaya ta ishe su.

Na ɗauke yatsana.

"Ban iya ba," na ce.

"Mi ka ce, Baba?"

"Na ce ban iya karatu ba! Ko baƙi ɗaya. Na boko, na Faransa, babu wanda na sani. Zanen nake kallo in ƙaga muku. Shekara arba'in, kuma babu wanda ya taɓa tashi kafin in gama."

Wasu suka yi dariya. Na so dariyar nan ta daɗe, amma ba ta daɗe ba. Wani mahauci daga baya ya ce, "To wanda bai iya karatu ba, mi yake yi da littafin kawuna?"

Na juya na danƙa wa Bunyaminu littafin a ƙirji. "Kai da ka iya, karanta. Amma ka aje kwalbar tukuna, hannu biyu ake riƙe shi, ya girmi ubanka."

Ya dubi Ɗanmusa, ya aje kwalbar a ƙasa. Ya fara da 'yan ƙananan baƙaƙen da ke ƙasan shafin farko, ya ce an buga shi a Faransa, shekara sittin da wani abu da suka wuce. Sannan ya shiga labarin, yana karantawa yana juyawa da Hausa, yana in'ina. Wai mai kan wani masani ne da ciwo ya cinye jikinsa, shi da kansa ya roƙi abokinsa likita ya raba kan da jikin, ya ajiye shi da rai, don ya ga ranar da mutane za su tafi wata tauraruwa.

"Ba haka ba ne," na ce. Wallahi bakina ne ya riga ni. "Dubi idonsa. Wanga mutum ya yi kama da wanda ya roƙa? Matarsa likitan ke so."

"Haka aka rubuta, Baba."

"To wanda ya rubuta bai kalli zanen ba."

Da taya a wuyana nake wannan gardama. Aka sake yin dariya, wannan karon ta fi yawa. Wata tsohuwa ta ce kai, Baƙo dai Baƙo ne. Na ga kafaɗu sun fara saukowa. Amma na gaba-gaba ba su motsa ba, samarin da suka kwana huɗu suna neman gawa a cikin ciyawar ruwa. Asama'u ma tana nan tsaye, hannunta a buɗe kamar har yanzu littafin na ciki.

Ɗanmusa ya matso kamar zai gyara mini riga, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, ba za su koma gida haka nan ba. An riga an kawo fetur. Sai wuta ta ci wani abu."

"Ga sha biyu nan."

"Sun san da akwatin."

Kowa ya san da akwatin. Na ƙarfe ne, kore, yana ƙarƙashin gadona, na ɗora shi kan duwatsu huɗu saboda gara. Ɗari uku da ashirin da shida ne a ciki, kowanne a cikin ledarsa, da ganyen dogon yaro a tsakani. Shekarar da ruwa ya ci ƙauyen, shi na fara ɗauka a ka kafin buhun gero. Akwai wanda na yi shekara bakwai ina bin wani tela a Kandi kafin ya sake mini shi.

Na dubi mahaucin. Na dubi kwalbar da ke ƙasa. Wani yana ta kaɗa kwalin ashana a aljihu, ina jin ƙararsa.

Na ciro makullin daga wuyana, ta ƙarƙashin tayar, na ba Ɗanmusa.

Mutum biyu suka je suka ɗauko akwatin. A tsakiyar hanya suka zazzage, iska ta fara buɗe shafukan, dodannina duka suna kallon sama. Na cire tayar da hannuna, babu wanda ya hana ni, na ɗora ta bisa tulin. Na ce a ba ni kwalbar. Na ce a ba ni ashanar. In dai za a yi, ba wani ɗan jiya ne zai yi ba. Tsohuwar takarda ba ta gardama, kafin in ja da baya wutar ta fi ni tsawo.

Suka tsaya suna kallo har ta fara lafawa. Babu wanda ya ce mini sannu, babu wanda ya sake cewa komai a kaina. Na ɗauki akwatina, ba nauyi, na saɓa a kafaɗa. Na ratsa ta tsakiyarsu, suka buɗa mini. Wannan shi ne karo na huɗu da na tsira, kuma duk wanda ya ce sa'a ce ya zo ya gwada.

Asama'u ce kaɗai ba ta kalli wutar ba. Hanya take kallo, ta wajen iyaka. Na yi taku kamar ashirin sai na ji ƙarar wani babur yana tahowa daga can, da kaya a bayansa, don na ji yadda injin ke nishi. Na ji taron ya juya gaba ɗaya. Na ji igiyar ta ɗago, na ji burki.

"Sauko," in ji ɗaya daga cikin samarin. "Mi ke cikin buhun ga?"

Na gyara akwatin a kafaɗata, na ƙara sauri.