Ƙwallon Basiru da Ta Shiga Raga a Wara

Yaran yanzu in sun cika ni da surutun ƙwallon Turai, sai in ce su yi mini shiru, don ni Ɗangana na taɓa zama zakaran duniya. Dariya suke yi, ni kuwa ko a jikina.

Malam Sunday ne ya jawo abin, malamin firamare a Wara, mutum mai shegen karance-karance. Shekarar da mu masunta muka ci kofin yankin Ngaski, 'yan Yelwa kuma suka ci nasu, ya ce a ƙasar Turawa, tun zamanin kakanni, masu kofin Ingila kan kara da masu kofin Sikotilan a wasan sada zumunta, har waɗansu da suka yi nasara suka kira kansu zakarun duniya. Muka ce to mu me ya rage mu? Sai aka shirya mu kara da 'yan Yelwa.

A bakin tafki aka buga, inda ruwa ya janye ya bar fili. 'Yan Yelwa suka zo da takalma da riguna iri ɗaya, mu kuwa ƙafa tsirara. Ba mu da ragar ƙwallo, sai muka ɗaura tsohon taru na kamun kifi. Ni ne gola. Kai, ranar ta yi daɗi! Mata na guɗa, mutane tsaye cikin kwale-kwale suna kallo, ƙamshin soyayyen kifi ko'ina.

Muna da ci ɗaya, su ba su da ko ɗaya, saura kaɗan a tashi, Basiru ɗan wasan gaban Yelwa ya saki wani mugun bugu. Ƙwallo ta wuce ta ƙarƙashin hannuna, ta fasa tarun ta fita, ta faɗa ruwa. Alƙalin wasa yana nesa, bai gani ba. Jama'a suka yanyame shi, wasu na cewa ta shiga, wasu na cewa gefe ta bi.

Ni kuwa da na waiwaya na ga ɓaraka a taru, wallahi ban yi tunanin komai ba. Masunci ba ya iya kallon taru a yage. Zare na cikin aljihuna kullum, hannuna ya kama aikinsa. Kafin alƙali ya iso ya duba, na ƙulle wurin tsaf. Ya laluba bai ga huda ba, ya ce ba a ci ba. A lokacin na gane abin da na yi, kuma na ja bakina na yi gum, don daɗin nasara ya fi ƙarfina.

Shekara arba'in ke nan. Basiru ya zama abokina, nakan sauka a gidansa in na kai kifi kasuwar Yelwa, amma ban taɓa faɗa masa ba. Abin yana cina. Da na ji ciwo ya kwantar da shi, tsoro ya kama ni kada ya tafi da hakkinsa a wuyana. Na hau mota da safe.

Na same shi kan tabarma, ya rame ƙwarai. Bayan gaisuwa na ce, "Malam Basiru, ƙwallon nan taka ta Wara, ta shiga. Ni na ɗinke tarun. Ka yafe mini."

Ya ɗago kai. "Mi kac ce?"

Na maimaita. Na zaci zagi zan sha, sai na ga ya yunƙura ya tashi zaune, idonsa ya kawo ruwa.

"Jamilatu!" ya ƙwala wa ɗiyarsa kira. "Taho ki jiya, ki kirawo 'yan'uwanki duka!" Ya riƙe hannuna gam. "Tun suna ƙanana nike ba su labarin ga, suna cewa Baba ya hwara tatsuniya. Na yahe maka, Ɗangana, amma ba ka tashi wurin ga sai ka sake hwaɗi gabansu."