Ɗauri Tara Cikin Jan Ƙyalle

Shekara arba'in da ɗaya mahaifina, Pandit Kamalakant Ojha, ya yi yana rubuta littafi ɗaya. Daga wannan ɗakin bauta sai wancan, yana zana hannayen gumakan dutse, yana bayyana abin da kowace lanƙwasar yatsa ke nufi a hikimar magabata. Mu 'ya'yansa mun fi sanin ƙeyarsa fiye da fuskarsa. Ranar da mahaifiyarmu ta rasu, yana can Kudu yana auna yatsan wani gunki.

Na tsani littafin nan. Duk da haka ni na yi ta sintiri har wasu masu buga littafi a Delhi suka yarda su karɓa. Rubutun hannu ne, babu wani kwafi, ɗauri tara cikin jan ƙyalle.

Ana saura mako guda bikin Diwali ɓarin jikinsa ya shanye, na zauna tare da shi a asibiti. Da na dawo gidanmu na Banaras ɗaukar takardun, sai na tarar da kantar da yake ajiye su wayam, an goge ta fes.

"Sulochana, ina ɗaurin Babuji?" na tambayi matar ƙanena. Babuji muke kiran mahaifinmu.

"Ai gara ta ci gefensu, Didi," ta ce, yadda take kirana a matsayin yayar mijinta. "Rubutu mai tsarki in ya lalace, wa zai bar shi a gida ranar biki? Na kai wa kogin Ganga, na sa a ruwa. Har furanni na sa, kar ki damu."

"Kin karanta ko layi ɗaya?"

"Ni da ko sunana da ƙyar nake rubutawa? Na dai ga irin rubutun addu'a ne."

Murmushi take, tana jiran in yaba mata. Ban taɓa jin ina son marin mutum kamar ranar ba.

Da aka sallamo shi na faɗa masa, ban ɓoye komai ba. 

"Daidai ta yi," ya ce da karkataccen bakinsa. "Haka ake yi. Ɗauko alƙalami, Mridula, duk yana kaina."

Na zauna gabansa da takarda. Ya ce, "Hannun da ke ba da kariya..." Ya ɗaga na hagu zai nuna mini, ya tsaya yana kallon yatsunsa.

"Me na ce?"

Na karanta masa. Ya maimaita, ya sake tsayawa. Wata huɗu ke nan kullum da safe sai ya kira ni in zo mu ci gaba, kuma har yau kalmomi shida ne a takardar.