Ƙwallon Tsamiya a Hancin Ilu

Ɗantsoho wanzami ya zazzage zabirarsa a kan tabarma, gaban tsohuwa Kyauta ya faɗi. Da askar nan aka yanke wa ɗan maƙwabta belu bara, jini ya ƙi tsayawa, kafin la'asar an kai shi makwanci. Yau kuma a kan Ilu ta faɗo, ɗan shekara uku, ɗan farin ubangidanta Barau.

Kwana tara ke nan yaron na numfashi ta baki, hancinsa na zubar da majina mai wari. Wanzamin da aka ɗauko takanas daga Gumel zuwa Sule Tankarkar ko leƙa hancin bai yi ba, ya ce belu ne ya sake tofowa. Dama a wurin Ɗantsoho ko ciwon ƙafa ka kawo, belu ne.

Ita kuwa Kyauta ta lura ƙofar hancin dama kaɗai ke zuba, alhali mura ba ta zaɓen ƙofa. Da hantsi ta leƙa, ta hango wani baƙin abu, ta tuna ranar da aka jiƙa tsamiyar kunu Ilu na wasa kusa.

Ta durƙusa gaban Barau. "Maigida, ƙwallon tsamiya ne. A toshe ɗaya ƙofar, a sa baki a bakinsa a hura, zai fito."

"Wa ya sa da ke?" in ji Barau. "Tun yaushe baiwa ta zama mai magani?"

Shekara goma sha biyu da shelar Nasara ta hana cinikin bayi, amma shelar ba ta tsallake zauren gidan nan ba. Barau ɗin nan nononta ya sha, har ya yi wayo Iya yake ce mata.

Ta ruga wurin uwar yaron. "Uwar ɗakina, ke ki hura masa, don Allah."

Lauratu ta kawar da kai, idonta cike da hawaye. "Ɗan fari ne fa, Kyauta. Ko sunansa ba na faɗa. So kike a ce ba ni da kunya?"

Kunya! Ran Kyauta ya ɓaci. Gida cike da mutane, kowa na tattalin mutuncinsa, an rasa mai tattalin numfashin yaro. Ta fizge Ilu, ta danne hancin hagu da yatsa, ta haɗa bakinta da nasa, ta hura da ƙarfi.

Ƙwallon ya faɗo kan zanenta, ya kumbura, ya yi baƙi ƙirin. Ilu ya yi atishawa, ya ja iska ta hanci, ya dube ta ya yi dariya.

*

Marin da Barau ya kwaɗa mata sai da ya kai ta ƙasa.

"Bakin baiwa a bakin ɗana? A gaban baƙo?"

Ya sa aka wanke bakin yaron sau bakwai, kamar ƙwaryar da kare ya lasa. Kyauta ba ta damu ba. A wanke sau saba'in ma, ai yaro ya tsira.

Sai ta ji Ɗantsoho ya yi gyaran murya. "Gadon ubana ne wannan, Malam Barau. In na mai da askata a bushe, gobe a kasuwar Maigatari za a ce baiwarka ta ƙaryata ni."

Barau ya dubi wanzamin. Sannan ya ce, "A riƙe masa yaron."

Aka kora ta bayan gida ta gama surfe. Daga gindin turmi ta ji Ilu na kiranta "Iya! Iya!" har muryar ta shaƙe. Ta tsaya da taɓarya a hannu tana jiran ya sake kira. Abin da ta jiyo salatin mata ne.

Ta buɗe tafin hannunta. Ƙwallon na nan, bai ma bushe ba.