Direban da Yaya Ta Sallama

Dogo ne ya rubuta manhajar da makarantar Mimi, 'yar yayarsa, take amfani da ita a bakin ƙofa. Shafi biyu ne ke aikin. Babban, wanda masu sana'ar ke kira uwa, yana nuna wa maigadi hotunan waɗanda aka yarda su ɗauki kowane yaro. Ƙaramin kuwa, ɗa ke nan, a cikinsa ake ƙara mutum ko a cire shi, sai ya mayar wa uwar da labari.

Ranar da abin ya faru, Yaya ta kira shi da hantsi, muryarta ba daɗi.

"Na sallami direban nan jiya. Ƙawar Mimi ce ta faɗa mini yana tsayawa da Mimin a wani gida kafin ya kawo ta."

"Wane gida?"

"Ya ƙi faɗa. Da zai fita ya ajiye makulli, ya ce za mu haɗu. Na dai cire shi a manhajarka. Ta cire ko?"

"Haba Yaya, aikina ne fa," in ji Dogo yana dariya. "In ta ce ta cire, ta cire."

Bayan azahar ofis ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Abokiyar aikinsa mai gwada manhajoji ta turo kujerarta kusa da teburinsa, ta miƙa masa waya.

"Duba nan. Na cire mutum a ƙaramin shafi, ya ce an cire. Na koma babban, ga shi nan yana kallona."

Dogo ya gwada da kansa. Hoton na nan, da koriyar alama a gefensa. Ya buɗe rubutun manhajar yana bi layi-layi, har ya iso wurin. Uwar tana ba ɗan jerin sunaye, ɗan yana gyara kwafinsa, amma in aka fita da maɓallin baya na wayar, ba ya mayar mata da komai. Ita kuma tsohon jerin take ajiyewa.

Ta taga ya hango yaran wata makaranta sun fara wucewa da jakunkuna. Ya kira Yaya, ba ta ɗauka ba. Ya kira maigadi.

"Baba, kawun Mimi ne. An zo ɗaukarta?"

"Direbanku ya zo tun ɗazu. Na duba, hotonsa na ciki. Na aika a kira ta."

"Ta fito?"

"Ga ta can tana tahowa."

"Baba, don Allah rufe ƙofar. Ka mayar da ita wurin malama. Kada ka ce masa komai."

Dogo ya ji ƙarar sakata, ya ji wata murya a natse tana tambaya lafiya, sannan wayar ta yanke.

Kafin Dogo ya isa makarantar, mutumin ya tafi. Mimi na zaune a ofishin malama tana shan lemo. Ta ce direba ya yi mata alkawarin yau zai nuna mata 'yan kyanwa.

A ranar Dogo ya gyara manhajar. Yaya ta kai ƙara wurin 'yan sanda, aka je inda mutumin yake haya, aka tarar ya kwashe kayansa. Bayan mako guda maigadi ya ce ya ga wata mota a tsallaken titi lokacin tashi, gilashinta a rufe. Ba ta ɗauki kowa ba.